Injin haya da muryar Modibbo Dudu

Tun da bidiyon nan suka cika wayoyi, na samarin da ke juyi a kan kujera suna cewa da kwamfuta ɗaya za ka yi arziki kana kwance, ban sake samun sukuni a shago ba. Kowane mako sai an turo mini wani ko wata, ɗan maƙwabta ko ƙanwar ƙawa, wai in koya musu hayar inji kafin hutu ya ƙare. Hutun nan kuma mako uku ne. Wata ma ta tambaye ni ko za a iya gamawa cikin mako biyu, don tana da biki a Shagari. Na ce mata ai ko mako ɗaya ya yi yawa, ta tafi bikinta, ta riga ta iya.

To ku zauna in faɗa muku sau ɗaya in huta.

Abin da nake haya sunansa jipiyu. Wani ɓangaren kwamfuta ne mai ƙarfin lissafi. Aikin da laftop ɗina zai kwana uku yana nishi a kai, shi kafin shayi ya huce ya gama. Kuɗin sayensa ya fi shagona da duk abin da ke ciki, kuma ko kyauta aka ba ni, wutar da yake sha ba ta Bodinga ba ce. Don haka haya ake yi, awa-awa, ta intanet. Masu bidiyo suna cewa wai yana cikin gajimare. Babu wani gajimare. Kwamfutar wani mutum ce a wani ɗaki mai sanyi, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Mutumin bai san ni ba, bai san akwai Bodinga a duniya ba, kuma ran da ya ga dama sai ya zare filoginsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wurin Yaya Sirajo na koya, ɗan wan babana, mai shagon buga takardu kusa da tasha. Da na gama sakandare aka kai ni wurinsa in riƙa buga wasiƙun neman aiki da katin ɗaurin aure. Shi ya fara hayar injin saboda ɗaliban da ke zuwa daga Sakkwato da aikin kammala karatu, irin wanda za a yi ta nuna wa kwamfuta hotunan ganyen albasa har ta koyi gane mai ciwo. Manomi na gane wannan ganyen daga kan babur yana gudu, amma shi ba a ba shi digiri.

Wata biyu na farko Yaya bai bari na kunna komai ba. Kashewa kawai ya koya mini. Akwai tsayar da inji, kayanka na nan ciki suna jiranka. Akwai mayar da shi ga mai shi, wanda da ka danna, duk abin da ke ciki ya tafi, ba mai dawo da shi ko da Turanci ka yi kukan. Agogon haya kuma bai san salla ba, bai san Juma'a ba. Na taɓa barin inji a kunne daga yammacin Alhamis har safiyar Asabar, ba ya aikin komai sai cin kuɗi. Yaya bai yi faɗa ba. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ce madalla, na yi wa Bature sadaka, Allah shi karɓa. Ban sake ba.

Kayan aikin da kuke gani a bidiyo, fitilu masu launi da allo uku, ba mu da ko ɗaya. Laftop ne mai karyayyen wuya, ana jingina shi da kwalin takarda. Layin waya biyu, don in ɗaya ya suma ɗayan ya yi rarrafe. 'Yar na'urar intanet tana cikin robar fenti a saman gora bisa rufin shago, in iska ta juya gorar sai a fita a juyo ta. Sai batirin sola guda, wanda fanka da laftop suke kishi a kansa, kuma kullum fanka ke yin haƙuri. Wanda bai iya zama cikin zufa yana kallon layi na tafiya a hankali a kan allo ba, to ya nemi wata sana'a tun yanzu.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wani mai hoto ne. Ya kawo tsohon hoton kakan wani alhaji, ya dushe, ya yi tabo, ana so a gyara a faɗaɗa a rataya a falo. Na yi hayar inji, na sa hoton, minti kaɗan ya fito fes. Fata sumul, ido na ƙyalli. Na ji ni wata ce. Da alhajin ya zo ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko wannan ɗan fim ɗin wane ne. Kakansa Bagobiri ne, da tsage a kumatu biyu. Injin ya ɗauka tsagen nan ƙarzuwar takarda ce, ya goge su tas, ya ƙara masa haƙora biyu da bai mutu da su ba. Ranar ya kamata in gane cewa injin ba ya bambanta datti da abin da mutane suke so. Na gane a kan hoto. Sauran sai da na sake biya.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda dala ta haukace, katin banki ya daina biya a waje. Ka sa kati, a ce an ƙi. Ka sake, a sake ƙi, da ladabi. Sai ka tura kuɗi wurin wani mutum a Sakkwato mai katin dala, shi kuma ya zuba maka lokacin da ya ga dama, yau ko gobe. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa, suka koma kwafar aikin na bara. Yaya Sirajo ya ce shi ya gaji da yi wa mutanen da bai sani ba bauta, ya koma Sakkwato sayar da kayan sola, ya bar mini shago da laftop da gorar. Ni kuma na koma hayar mafi arahar inji a kasuwar. Irin waɗannan na mutane ne masu zaman kansu, kuma kowane akwai ranar da mai shi ya rubuta zai karɓe abinsa. An rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a gefe. Yaya ya sha nuna mini wurin. Ni idona yana kan farashi.

A wannan shekarar, da bazara, Malam Buhari ya zo daga Kajiji a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, rungume da buhun taki. Dattijo ne manomin albasa, sa'an babana. Ya yi sallama, ya tambayi gida da iyaye da kakanni ɗaya bayan ɗaya, ni ina ta kallon agogo, sannan ya kwance buhun. Kaset ne, talatin da ɗaya. Wasu sun lanƙwashe don zafi, wasu gara ta ci takardar jikinsu. Ya ce muryar mahaifiyarsa ce, Modibbo Dudu, wadda ta shekara da shekaru tana karantar da matan yankin a tsakar gidanta. Tana karanta ayoyi ta fassara, tana yin waƙoƙin wa'azi da ta gada wurin tata uwar, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, ba a rubuce suke ba. Wani ƙaninta da ya je aikin Hajji ya kawo rikoda, shi ne aka riƙa ɗauka. Ta rasu da daɗewa. Ɗalibanta da suka rage sun tsufa, sun fara mance baitoci, kuma kowace shekara kafin azumi suna taruwa a gidan su yi bita. Yana so kafin taron bana a sa muryar cikin memori, kowace ta samu a wayarta. Ya ƙara da cewa an gaya masa ina da injin da ke wanke murya, a cire wannan shuuu ɗin da ke ciki.

Na ce masa wannan ai ƙaramin aiki ne. Ku lura da bakin nan nawa, shi ne babban kayan aikin da ya fi ba ni matsala.

Na sayi tsohuwar rikoda wurin mai gyaran rediyo, na goge kanta da auduga, na haɗa ta da laftop. Kaset ba ya sauri don kana sauri. Mai awa ɗaya da rabi, awa ɗaya da rabi za ka zauna. In zare ya sarƙe, biro za ka sa ka naɗe da hannu, in ya tsinke ka liƙa. Uku da ya ɗora a sama, waɗanda ya ce su aka fi so, na sa musu lamba ɗaya, biyu, uku. Sauran na bi su yadda suka fito daga buhu. Muryar tsohuwar tana nan da ƙarfinta, sai dai bayanta kasuwa ce: zakara, turmi, kukan jariri, da wani gunaguni can nesa da ke tashi duk lokacin da ta ja numfashi. Na ce a raina, bari injin ya zo ya koya musu shiru.

Kowane kaset in ya shiga kwamfuta ɗanye, fayil ne mai nauyi, cikin laftop ɗina kuwa bai wuce cikin cokali ba. Sai na riƙa yin dabara. In na ɗauki biyu, in tura su can cikin injin haya, in goge na wurina don a samu wurin na gaba. Mako uku ina wannan. Yaya ya sha gaya mini cewa abin da ke wuri ɗaya ba ajiya ba ne, jiran ɓata yake. Amma Yaya na Sakkwato yana sayar da batir, ni ce mai shago. Injin ya wanke su duka, na saurari kaɗan, murya ta fito ita kaɗai tsaf kamar a gidan rediyo. Na yi niyyar ranar Asabar in shiga Sakkwato inda intanet ke da ƙarfi in sauke su gaba ɗaya.

Ranar Talata Malam Buhari ya biyo ta shago daga kasuwa. Na mayar masa da kaset ɗinsa, tunda buhun ya tare mini wuri a shago. Ya tambaya ko komai ya shiga. Na ce duk sun shiga, sun zauna lafiya, kaset ya gama aikinsa. Ya sake tambaya, kamar yadda dattawa ke yi, ko dai a ƙara ajiye su. Na ce Baba, wannan zamanin ya wuce, ko yau suka ɓace ba a yi asarar komai ba. Ya yi ta sa mini albarka har ɗan kabu-kabu ya gaji ya yi hon.

Ranar Alhamis da hantsi na buɗe laftop, na ga jan rubutu a kan injina. Ranar da mai shi ya sa ta cika. Saura awa biyar da 'yan mintoci ya karɓe, da abin da ke ciki. Ban tsorata sosai ba. Mai sana'a ya san maganin wannan: ka yi hayar wani inji, ka kwashe kaya daga wancan zuwa wannan, tsakaninsu hanya ce mai faɗi, minti goma an gama. Na duba abin da ya rage a asusuna, bai isa a ba ni wani ba. Na sa kati, aka ƙi. Na kira mutumin Sakkwato, ya ce yana wurin ta'aziyya a Gwadabawa, sai gobe in Allah ya kai mu. Na ce to, mafi muni dai in sake zaman mako uku da rikoda. Na kira Malam Buhari, yana gona.

"Baba, kaset ɗin nan nake so a dawo mini da su."

"Wane kaset, ɗiyata? Ai ke kinka ce sun gama aikinsu."

"Na ce. Suna ina?"

"Jiya bayan la'asar munka zare zaren, munka ƙone, tokar munka zuba tsohuwar rijiyar masallaci. Akwai ayoyi ciki. Ba a barin irin wanga ga ɓera da yara."

Ya yi mini bayani a natse, cewa tun daren da ya koma da buhun jikoki suka ja zaren ɗaya suka yi wa keke ado. Shi kuma ya tambayi liman, liman ya ce a yi musu yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu in sun ruɓe. Duk wanda ya tashi a nan ya san haka ake yi. Ni ma na sani. Na ga babana ya yi da hannunsa. Kawai ban taɓa kawo wa raina cewa kaset ma takarda ce ba.

Ban iya kwana-kwana ba, na gaya masa yadda abin yake. Injin da na sa muryar ciki ba nawa ba ne, haya ne, mai shi zai karɓe kafin la'asar, kuma a duk duniya babu wani wurin da muryar take. Ya yi salati. Sannan ya tambaya mai injin ɗan wane gida ne, in ana iya zuwa da liman da hakimi a ba shi haƙuri zuwa Asabar. Na ce ko sunansa ban sani ba, lamba ce kawai. Ya yi mamakin yadda mutum zai ba wanda bai san sunansa ba ajiyar uwar wani.

"Ni na kunna wutar," in ji shi, "amma da bakinki na kunna ta. Yi abin da kika iya."

Abu ɗaya ya rage, in sauko da su Bodinga ta wayata. Yadda suke da nauyi, ko kwana uku ba su isa ba. Na sa injin ya matse su su zama ƙanana, irin na waƙoƙin da kuke turawa juna, wannan bai ɗauki lokaci ba. Na fara saukewa, sai intanet ɗin shago ya kwanta, don rana ta yi, kowa a tasha ya buɗe wayarsa yana kallon masu rawa. Na juya gora gabas, na juya ta yamma. Na naɗe laftop cikin hijabi na tare ɗan kabu-kabu, na ce ya bi hanya a hankali, ina riƙe da waya sama kamar mai neman wata. Wajen mahaɗar Sifawa sandunan layi suka cika a wayar. Akwai mai cajin waya a gindin dogon yaro da teburinsa da faifan sola. Na ce ya ba ni soket da benci. Ya tambaya ko lafiya, na ce haihuwa ake yi a cikin kwamfuta, ya matsa.

Kashi biyu ne a cikin injin, ɗanyen da na ɗauka daga kaset, da wankakken da na biya haya aka yi. Da na auna gudun layin, na ga kashi ɗaya kawai lokaci zai ɗauka, shi ma da ƙyar. Ban tsaya tunani ba, na kama wankakke. Shi ne aikina, shi ne abin da aka ce in yi. Na ɗaya ya sauka, na biyu, na uku. Ina zaune ba abin yi sai na kira Yaya Sirajo, don in samu wanda zan yi wa masifa. Ya saurara har na gama. Bai ce ai na gaya miki ba, wanda ya fi zagi ciwo. Tambaya ɗaya ya yi, wane kashi nake saukewa. Na faɗa.

"Tsayar. Ɗauko ɗanyen."

Na ce ɗanyen duk zakara ne da turmi.

"Wanki ana sake shi gobe da wani inji. Ɗanyen wa zai sake miki, Modibbo za ta dawo? Kin manta Bagobirin da kika yi wa kwalliya?"

Na kashe wayar ba sallama, don ya yi gaskiya. Na tsayar, na koma ɗanye. Tunda ɗaya zuwa uku ina da wankakkensu a hannu, sai na fara daga na huɗu, da niyyar in dawo kansu a ƙarshe. Daga nan babu wata gwaninta, zama ne. Inuwa na matsawa ina jan benci. Na yi azahar a gefen tebur, na sallame na duba allo kafin in yi addu'a, Allah shi yafe mini. Data ta ƙare sau ɗaya, mai caji ya sayar mini da kati yana ta ba ni labarin ciwon bayansa. Wata babbar mota ta tsaya, fasinjoji suka sauko kowa da waya, layi ya koma tafiyar hawainiya, na bi su da harara har suka tafi. Na ashirin da tara. Na talatin. Na talatin da ɗaya ya sauka ana kiran la'asar a cikin gari. Na danna ɗanyen na ɗaya, ya fara, ya yi kamar kwata, sai allon ya ce ba a samun injin. Na sake gwadawa sau biyu don cika al'ada. Mai injin ya zo karɓar kayansa a kan lokaci, ba ruwansa.

Na koma shago da ɗanye ashirin da takwas da wankakke uku. A raina ban yi asarar komai ba, muryar Modibbo ta tsira duka, har ma uku mafi daraja sun fito da sabbin kaya. Kafin magariba na kwafe su wuri uku, laftop da memori biyu, ɗaya na kai ɗakin Inna mahaifiyata na sa cikin kwalla. Na kira Malam Buhari na ce an samu. Ya ce alhamdulillahi, in zo da kaina ranar taro in kunna musu, tunda shi ya daina yarda da abin da bai ji da kunnensa ba.

Ranar taro na hau babur zuwa Kajiji da 'yar sifika a jaka. Mata sun cika tsakar gidan, tsofaffi a gaba bisa tabarmi, matasa da 'yan mata a baya. Malam Buhari ya tsaya daga bakin zaure. Aka zaunar da ni kusa da Goggo Hajo, babbar ɗalibar Modibbo da ta rage, tsohuwa mai kaifin ido wadda ta dube ni sau ɗaya ta gama karanta ni. Na kunna na ɗaya, wankakke, na gyara zama ina jiran yabo.

Muryar ta fito tsaf. Wasu suka sunkuyar da kai. Modibbo ta yi baiti, sai shiru. Ta yi wani, sai shiru. Ba a kai minti biyu ba Goggo Hajo ta ɗaga hannu.

"Wa ya kore mu?"

Na ce ban gane ba, Goggo.

"Ga ta ita kaɗai cikin ɗaki kamar mai takaba. Mu ina munka tafi? Ina amshi?"

Gunagunin nan da ke tashi duk lokacin da tsohuwar ta ja numfashi, wanda na biya dala aka share, ba gunaguni ba ne. Matan ne ke amsa mata. Rikodar tana gabanta, su suna nesa, shi ya sa muryarsu ta dushe. Injin ya ji su, ya yanke hukuncin cewa hayaniya ce, ya yi musu abin da ya yi wa tsagen Bagobiri. Ni kuma na saurara na ce ya yi kyau.

Na tsallaka na huɗu, ɗanye. Shuuu ya fara, zakara ya yi cara, turmi na bugawa, Modibbo ta ja baiti, sai ga amshi ya taso daga can baya. Wurin ya motsa. Goggo Hajo ta matso da kunnenta jikin sifika ta fara kiran sunaye. Wannan mai siririyar murya Ta'allah ce, ta rasu shekarar da rijiya ta rufta. Waccan mai riga kowa farawa Ige ce, har ta mutu ba ta daina gaggawa ba. Mai tarin nan daga zaure baban Buhari ne, yana yi don a san yana nan. Ta ce ga ta nan ita ma, ranar mura take yi. Wata tsohuwa ta ce ƙarya ne, kullum haka muryarta take. Aka yi dariya, wasu na share ido. Ba wadda ta ce a cire zakaran.

Da aka lafa, Goggo ta ce to a mayar musu da mutanensu cikin ukun farko, don su ne manyan waƙoƙin, da su ake rufe taro. Na gaya mata ba zai yiwu ba. Zaren ya zama toka, injin ya koma wurin mai shi, abin da ya rage shi ne wanda suka ji. Ta tambaya ko a Sakkwato ma ba a iyawa. Na ce ko a ina. Ta tambaya wa ya ce a cire. Malam Buhari daga zaure ya ce shi ya ce a cire shuuu. Goggo ta ce ita ba ta san akwai ranar da za a kira ta shuuu ba. Ni na ce laifin nawa ne, shi shuuu ya ce, ni na ƙara da mutane.

Sai Goggo ta ce in maido waƙar farkon.

Na maido. Modibbo ta ja baitin farko, shirun nan ya zo. Injin ya goge muryoyin, amma bai rufe gurbinsu ba, tsawonsa na nan daidai yadda suka bar shi. Goggo Hajo ta buɗe baki ta amsa a cikin gurbin, ita kaɗai. Tana rufe baki Modibbo ta ɗora baiti na biyu, kamar tana jiranta. A gurbi na biyu tsofaffi huɗu suka shiga. Kafin a kai tsakiya har 'yan matan baya, waɗanda ba su taɓa ganin Modibbo ba, sun kama amshin daga bakin na gaba. Inda aka manta, sai a ce in mayar baya, a yi gardama, a daidaita, a wuce. Na ciro wayata na ajiye a tsakiyar tabarma, nesa da sifika, kusa da su, na danna ɗauka. Akuya ta yi kuka a ciki, wani jariri ma ya sa baki.

Da aka gama Goggo ta nuna wayar da sandarta, ta tambaya ko ɗauka na yi. Na ce e.

"To wagga kada ki wanke ta."

Ban wanke ba. Tana wuri uku, ɗaya a kwallar Inna.

Har yau ina hayar inji, kusan kullum. Dala ba ta warke ba, gorar na nan a kan rufi. Mai son koyo ta zo ranar Asabar da safe. Wata biyu na farko kashewa za ki koya. Na uku zan sa miki kaset ɗanye ki zauna ki saurara, ki faɗa mini su wane ne a ciki, kafin in bari ki taɓa abin da ke gogewa. Mai biki a Shagari kuma a gaishe mini da amarya.